Allo, littafi, kalanda ko waya: wanne zai rage maka zafin kai idan ayyuka sun taru?

Idan mutum ya ce kansa ya ɗau zafi, ba kullum ba ne aikin ya fi ƙarfinsa. Sau da yawa aikin da zai iya ne, sai dai duk a ka yake ɗauke da shi. Tela a Tudun Wadar Gusau ana saura mako biyu Sallah, malamar firamare da takardun jarrabawa suka taru mata ga kuma bikin ƙanwarta ya matso, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda da ke haɗa karatu da sana'ar POS, duk ciwonsu ɗaya. Suna cikin wani aiki wani na faɗo musu a rai. Su kwanta suna lissafi, su tashi da asuba ba su san da wanne za su fara ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da auna wannan. A 1956 George Miller ya ce ƙwaƙwalwa tana iya riƙe abu kamar bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin ya ce bai ma kai haka ba, kusan huɗu ne. To wanda ya ɗauki alkawari 30 bai rubuta ko ɗaya ba, kai-kawo kawai zuciyarsa ke yi tsakaninsu don kada wani ya suɓuce, kuma wannan kai-kawon shi ne gajiyar da yake ji tun bai taɓa almakashi ba. Wani bincike da Masicampo da Baumeister suka wallafa a 2011 ya nuna cewa aikin da ba a gama ba yana yi wa mutum kutse a tunani, amma da zarar ya tsara takamaiman lokaci da yadda zai yi shi, kutsen yana lafawa ko da bai fara aikin ba. Ke nan fitar da aiki daga ka zuwa inda ido ke gani yana sauke wani nauyi tun kafin a yi komai. Tambayar ita ce a ina za a ajiye shi.

Abu uku nake dubawa a kowace hanya. Ido ya faɗa kanta ba sai an buɗe wani abu ba. Ta raba abin da ke hannu yanzu da abin da ke jiran layi. Sannan ta iya ce wa mai ita ya isa haka, kuma wannan na ukun shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Sai a haɗa da yanayin da muke ciki a Zamfara: ƙurar hunturu, wutar da ba ta zama, sabis mai zuwa yana tafiya, da idon jama'a.

Littafi shi ne abin da kowa ya fara da shi, kuma ban ga abin da zai kore shi ba. Duba littafin awo na tela: sunan mai kaya, tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, kafin alƙalamin da aka bayar, abin da ya rage, ga ɗan ƙyallen yadin an maƙala da fil a gefen shafi. Ba ya son caji, ba ya son data, yana rufa asiri, kuma ranar da gardama ta tashi kan ciko shi ne shaida. Matsalarsa ita ce a rufe yake. Abin da ke shafi na 14 ba ya kiran kowa, sai mai shi ya shigo yana sallama a tuna da shi. Kuma littafi yana jera aiki ne bisa ranar da ya shigo, ba bisa ranar da za a ba da shi ba, don haka shaddar da aka kawo jiya ta ɗaurin auren jibi tana can ƙarshe, wadda aka kawo tun watan jiya ba a gaggawa da ita tana gaba. Wanda aka gama da wanda ba a taɓa ba suna cakuɗe a shafi ɗaya. Mai dogon jerin ayyuka a takarda ya san yadda abin yake: ya soke biyu ya ƙara biyar, kallon takardar kansa ya zama abin faɗuwar gaba.

Akwai gyaran da wani Ba'amurke, Ryder Carroll, ya fito da shi a 2013, wanda ya rage wannan matsala. Ɗigo a gaban aikin da ba a yi ba, a mayar da ɗigon alamar X idan an gama, a sa kibiya idan an ɗage shi. Duk ƙarshen wata a kwafe abin da ya rage zuwa sabon shafi da hannu. Amfanin yana cikin kwafewar, domin idan ka rubuta abu ɗaya karo na uku dole ka tambayi kanka ko da gaske za ka yi shi. Ya dace da ɗalibi da ma'aikacin ofis da ke yawo da jaka. Amma yana son mutum mai buɗe littafi safe da yamma, kuma wanda kansa ya riga ya ɗau zafi da wuya ya zama wannan mutumin.

Allon bango mai layuka shi ne na fi yarda da shi, don haka zan daɗe a kansa. Asalinsa masana'antar motoci ta Toyota ce a Japan, bayan yaƙin duniya na biyu, inda injiniya Taiichi Ohno ya kafa tsarin da ake kira kanban. Kowane akwatin kayan haɗi yana tafiya da kati. Sashen da ke baya ba ya ƙera komai sai kati ya dawo masa daga sashen da ke gaba, kuma katunan ƙididdigaggu ne, saboda haka ba yadda za a yi kaya su yi tsibi a tsakiyar hanya. Daga baya masu rubuta manhajar kwamfuta suka ɗauke shi, sannan a 2011 Jim Benson da Tonianne DeMaria Barry suka yaɗa yadda mutum ɗaya zai yi amfani da shi a harkokinsa, da doka biyu kacal: ka ga aikinka da ido, kuma ka ƙayyade yawan wanda ke hannunka.

Yadda ake yin sa ba wuya. A samu falanki ko babban kwali, ko ma bangon shagon kansa, a ja layi a raba shi gida uku: masu jira, na hannu, waɗanda aka gama. Kowane aiki kati ɗaya, ko da daga kwalin shayi aka yanko shi. Aiki yana tafiya katinsa na tafiya daga hagu zuwa dama. Tela zai iya ƙara gidaje yadda aikinsa yake, yanka, haɗi, wajen mai surfani, guga, amma kada su wuce biyar ko shida, in ba haka ba kula da allon zai zama wani aikin na daban. A jikin katin a maƙala ƙyallen yadin, kamar yadda aka saba yi a littafi. Yaron shago da bai yi boko ba, ko wanda ajami kawai yake karantawa, yana ganin ƙyallen ya san kayan da ake nufi.

Inda maganin yake shi ne gidan tsakiya. A buga ƙusa uku kawai a wurin, ko biyu ga kowane keke idan shagon na da ma'aikata. Ba ƙusa ta huɗu. Idan ukun sun cika, ba a yanka sabon yadi sai an sauke ɗaya. Na fi son ƙusa a kan rubuta lamba a saman layi, domin lamba ana yi mata kara, ƙusar da babu kuwa ba inda za a rataya kati. Taura biyu ba ta taunuwa, amma yawancinmu da taura takwas muke kwana a baki: riga an yanka ba a haɗa ba, wando an haɗa ba a sa zariya ba, kaftani na jiran botin, kowanne an taɓa shi, babu wanda za a miƙa wa mai shi a karɓi ciko. Mutum ya wuni yana aiki, da magariba ya duba bai ga abin da ya gama ba. Wannan ya fi yawan aikin kansa karya zuciya.

Akwai lissafi a bayan abin. A 1961 masanin lissafi John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida ta layin jira: matsakaicin lokacin da aiki ke yi a wuri daidai yake da yawan ayyukan da ke wurin a raba da yawan da ake gamawa a rana. A ce shago yana gama kaya biyar a rana, kuma akwai kaya 60 a ciki. Duk wanda ya kawo nasa yau, in dai za a bi layi, kwana 12 ne. Ba rantsuwa ko kwanan shago da zai canza wannan, sai dai a ƙara hannu, ko a daina karɓa, ko a tsallake wani a ba wani, wanda shi ne mafarin rigimar daren Sallah. Mai allo yana iya ƙirga katunan gidan farko ya yi wannan lissafi a tsaye. Mai littafi sai ya bi shafi-shafi yana tantance wanda aka gama, kuma a cikin hayaniyar azumi ba zai yi ba.

Wani amfani da ban ga ana faɗa ba, wanda a wurinmu yake da girma, shi ne allo yana ɗauke wa mutum kunya. Dattijon unguwa ya shigo da leda, ko abokin mahaifinka, ko surukinka. Ya za ka ce masa a'a? Sai ka ce a kawo, in Allah ya so za a yi, alhali ka san ba wuri. Da allo a bango maganar tana sauya kama. "Ranka shi daɗe, diba allon ga. Ba wuri sai kwana ukku bayan Sallah, in ka yarda in sa ma kati." Ba kai ka hana shi ba, ya gani da idonsa. Zai iya jin ba daɗi a lokacin, amma bai kai ɓacin ran da zai yi ba idan ya aiko yaro daren idi aka ce ba a yanka ba. Cika alkawari addini ne a wurinmu, kuma hanyar cika shi tana farawa ne daga ranar ɗaukarsa.

Ina ba da shawarar a ware ɗan gida a ƙasan allo don ayyukan da suka maƙale a hannun wasu: rigar da ke wajen mai monogiram, kayan da mai su bai kawo yadin shafi ba, takardar da ke jiran sa hannun oga. A rubuta ranar da aka kai. Irin waɗannan su ne ke cin rai a ɓoye, domin ba aikinka ba ne yanzu amma kai za a tambaya. Idan suna gida ɗaya, kira biyu ko uku bayan La'asar ya wadatar. Gidan waɗanda aka gama kuma kada a yi saurin share shi. A bar katunan har yammacin Alhamis. Ganin su a jere yana kwantar da hankali, kuma ga mai sana'a yana nuna kayan da aka gama ba a zo karɓa ba, wato kuɗinsa da ke kwance.

Kayan yin allon ma suna da bambanci. Baƙin allo da alli ya fi arha, amma kafaɗar mai wucewa ko hannun yaro na share shi, kuma duk matsar da aiki sai an goge an sake rubutawa. Farin allo yana da kyan gani, sai dai maka, wato alƙalamin rubutu a kansa, tana bushewa da wuri a zafin Maris da Afirilu, ga tsada. Ƙananan takardu masu gam a baya, waɗanda ake gani a hotunan ofisoshin Turai, ba su jure mana: ƙurar hunturu na kashe gam ɗin, fanka ta ƙarasa su, ka zo da safe ka tarar da alkawuranka a ƙasa. Kati mai huda da ƙusa ya fi duka. Wanda ke gidan haya ba ya son huda bango ya ɗaura igiya uku ya yi amfani da abin maƙale shanya.

Allo yana da nasa raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Ba ya bin ka kasuwa ko gona. Ba ya nuna kusantowar rana da kansa, sai an rubuta ranar bayarwa da manyan lambobi a kati an kuma jera masu jira bisa ita. Na uku shi ne idon mutane. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, bai kamata a rataya cikakken sunan mutum da lambar wayarsa da yawan kuɗin da ya biya a bangon da kowa ke kallo ba, balle a rubuta cewa wane zai karɓa kafin tafiyarsa ranar kaza. A sa lamba kawai a kati, lambar ta kai ka shafin littafi. Allo ya riƙe tafiyar aiki, littafi ya riƙe sirri da kuɗi. Haka ma a gida: bashin da ake bin maigida ba abin rubutawa ba ne a bangon tsakar gida inda baƙi ke zama.

Wani zai ce ai kayan kansu suna nan a jibge, ido na ganin su, me ya kawo kati? Mai gyaran waya ma yana liƙa suna a bayan kowace waya ya jera su a kanta. Gaskiya ne, amma tsibin kaya yana nuna yawa ne kawai, ba ya nuna na farko da na ƙarshe, kuma zama a gaban tulin ledoji tun safe shi kansa yana ɗaga hankali. Gara a tura masu jira cikin akwati ko bayan labule, a bar na hannu kaɗai a kan tebur.

Kalanda kuma wata aba ce daban, kuma akwai aikin da ita kaɗai ke iya masa. Manomin rani a filayen da madatsar Bakolori ke shayarwa, wajen Talatar Mafara da Bakura da Maradun, ba ya da ikon cewa zai gama wannan kafin ya taɓa wancan. Irin shinkafa ya yi kamar mako uku a gadon reno dole a dasa shi, ko an shirya ko ba a shirya ba. Taki yana da lokacinsa, cire ciyawa yana da nasa, ban ruwa yana bin rabon da aka yi. A nan lokaci ne ke jan aiki, don haka abin da ake son gani shi ne makonni a shimfiɗe. Injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa irin wannan zane a shekarun 1910: kwanaki a jere a sama, kowane aiki a ja masa layi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Manomi mai gona uku zai iya yin sa a bayan tsohuwar kalanda, kowace gona da layinta. Abin da zai gani nan take shi ne inda layuka suka hau juna, misali makon da dashen wannan gona ya haɗu da takin waccan, ana neman 'yan ƙwadago da kuɗi a lokaci ɗaya. Ganin haka wata guda kafin ya zo yana ba shi damar jinkirta zuba iri ɗaya da kwana biyar, ko ya sayar da buhu a kasuwar Talata ya tanadi kuɗin.

Haka ɗalibi mai jarrabawa, da uwar amarya, da mai shirin tafiya Hajji: duk wanda ke da rana tsayayya a gaba, kalanda ce tasa, kuma daga ranar ake ƙirgowa baya. A nemi mai ɗauke da kwanan watan Musulunci da na boko tare, tunda shekarar Hijira tana gaza ta boko da kusan kwana 11, kuma tsakanin ƙaramar Sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, tazarar da ke yaudarar masu sana'a duk shekara. Inda kalanda ke cutarwa shi ne idan aka cusa mata ayyukan da ba su da rana ta gaskiya. Ka rubuta gyaran ɗaki ranar Asabar, Asabar ta zo da jana'iza, ka mayar Lahadi, Lahadi ta zo da baƙi. Bayan mako biyu kalandar ta cika da soke-soke, kallonta sai ya ƙara maka jin ka gaza. Abin da ke da rana ta haƙiƙa kawai za a sa mata. Ga tsarin wuni ɗaya kuwa, na ga raba takarda bisa salloli ya fi raba ta bisa awa: abu ɗaya babba tsakanin hantsi da Azahar, ƙanana biyu bayan La'asar, a bar wani gurbi fili saboda suna ko dubiya ko ta'aziyya da ba su sanarwa.

Akwai kuma zanen gida huɗu da ake dangantawa da tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower, saboda wani jawabinsa na 1954 kan bambancin abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci. Ana raba ayyuka: mai gaggawa kuma muhimmi, muhimmi marar gaggawa, mai gaggawa marar muhimmanci, da wanda ba ko ɗaya. Yana da amfani sau ɗaya a mako, don tace abin da ya cancanci kati. Ba ya nuna inda aiki ya kwana, kuma wanda hankalinsa ya tashi komai a gidan farko yake zuba shi. Ba zan ba kowa shawarar ya dogara da shi kaɗai ba.

Saura waya. Ƙarfinta a bayyane yake: tana aljihu, tana ƙara idan lokaci ya yi, tana ɗaukar hoto da murya, kuma mutum biyu a gari biyu za su iya kallon abu ɗaya. Trello, wadda ta fito a 2011, allon nan ne mai layuka da katuna aka mayar cikin waya, kuma ta dace da ƙungiya ko 'yan kasuwar da ɗaya ke Gusau ɗaya ke Kano yana sayen kaya. Google Keep, manhajar ajiye gajerun rubuce-rubuce, ta fi sauƙi, tana aiki ko ba data, ana ba kowane rubutu launi, ana kuma iya kafa ta a fuskar waya. Ga matar da ke sayar da cincin da dubulan ko turaren wuta daga gida, wadda duk cinikinta ta WhatsApp yake shigowa, WhatsApp Business ya fi mata duka, domin tana iya yi wa kowace hira alama mai launi, sabon oda, an biya, an aika, ba sai ta kwafe komai zuwa wani wuri ba.

Amma ina da ja a kan waya, kuma dalilan ba na ƙin zamani ba ne. Na farko, abin da ke cikinta a rufe yake kamar littafi, har ma ya fi, domin kafin ka kai gare shi sai ka wuce saƙonni da bidiyo da labarin harin da aka kai daren jiya. Ka shiga duba aiki ka fito bayan rabin awa da sabon tashin hankali. Na biyu, ba ta cika. Kati 200 za su shiga Trello ba ta yi ƙorafi ba, alhali bango yana ƙarewa, ƙusa tana ƙarewa. Na uku, mu nan mun ga abin da wasu ba su gani ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matakan tsaro. Gusau ta yi kusan wata guda kafin a dawo mata da sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka fi haka daɗewa. Mutane na tafiya har Funtuwa don yin kira. Duk wanda tsarin aikinsa ya rataya ga intanet ya tsaya cak a lokacin, mai littafi da allo kuwa bai rasa lissafinsa ba. Ko ba a sake irin wannan ba, wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace ko cajinta ya ƙare tana yin irin wannan ɓarnar a ƙaramin mataki. Wanda ya zaɓi waya ya tabbata kuɗi da awo suna da kwafi a takarda.

To wa zai ɗauki wanne? Idan aikinka a wuri ɗaya yake kuma mutane ne ke kawo maka shi, tela, kafinta, mai walda, mai gyaran waya, mai buga takardu, allo mai ƙusa shi ne naka, littafi na bayansa. Idan lokaci ne ke mulkin aikinka, manomi ko ɗalibi ko mai shirya biki, kalanda mai layuka. Idan yawo kake yi, direba ko ɗan kasuwar ƙauye ko jami'in da ke zagaya makarantu, ƙaramin littafin aljihu da shafi ɗaya na yau, waya kuma don tunatarwa kawai. Uwargida mai haɗa girki da yara da sana'a ta fi kowa buƙatar allo, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a irin wannan magana. Kwali ɗaya a bayan ƙofar ɗaki ya isa, kuma yana da wata fa'ida: maigida da manyan yara suna ganin yawan abin da ke kanta, har wani ya cire kati ya ce wannan nawa ne. Malamin makaranta yana tsakiya, kalanda don zangon karatu, allo ƙarami don takardun da zai duba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa uku ko huɗu. Ɗaya babba da mataimaki ɗaya. Da zarar aiki ɗaya yana rubuce a wuri uku, za a gyara ɗaya a manta biyu, daga nan a daina yarda da dukkansu a koma ɗauka a ka.

Daren farko shi ne mai wuya, domin sai an zauna an fitar da komai, har da alkawarin da aka yi a bakin masallaci da wanda aka yi ta waya ana tuƙi. Yawan katunan na iya ba da tsoro. A jure, a jera su bisa ranar bayarwa, a ɗauki uku a rataya, a juya wa sauran baya. Bayan mako biyu za a san ko tsarin ya zauna: idan allon ya yi daidai da abin da ke faruwa a shagon, ya zauna. Idan katin rigar da aka bayar tun shekaranjiya yana nan a gidan yanka, to gidajen sun yi yawa ko allon yana inda ido ba ya kaiwa, sai a rage ko a matsar da shi kusa da ƙofa.

Wani lokaci kuma allon zai nuna abin da ba a so a gani: aikin ya fi ƙarfin hannun da ke akwai, ko yaya aka jera shi. Kaya 90, kwana goma, biyar a rana. Ba tsarin da zai haɗiye ragowar 40 ɗin. Abin yi shi ne a ɗauki waya tun yau a kira masu su, a fara da waɗanda suka kawo a ƙarshe, a ba su zaɓi: su jira bayan Sallah, ko a haɗa su da wani tela da aka yarda da aikinsa, ko su karɓi yadinsu da kuɗinsu tun da sauran lokaci. Idan kuma an rage aikin, an tsara shi, amma rashin barci da bugun zuciya da ƙuncin rai sun ƙi tafiya har makonni, wannan ya wuce maganar allo da kalanda, a je asibiti a ga likita a gaya masa yadda ake ji.